Sauke tankin mai daga tsohuwar mota: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya ɗauko motar dauri da ta shekara goma ko ashirin a ajiye, ba zai jima ba sai ya yi karo da tankinta. A yawancin motoci noti huɗu ne ko maɗauri biyu ke riƙe da shi, shi ya sa ake raina aikin. Ni kuwa cikin duk ayyukan da ake yi wa tsohuwar mota babu wanda nake tattara hankalina a kansa kamar wannan, domin kuskure a nan ba ya tsayawa a kan ƙarfe.

Motar tana tashi. Me zai sa in sauke tankin?

Tashi daban, lafiya daban. Alamar da aka fi gani ita ce mota ta yi tafiyar minti goma ko sha biyar lafiya lau, sai ta fara shaƙewa, ta mutu. A bar ta ta huta kaɗan, sai ta tashi kamar babu abin da ya same ta. Ɓawon tsatsa ne ke yawo a cikin tanki. Famfo na ja, ɓawon yana taruwa a bakin bututu har ya toshe shi. Injin na mutuwa, sai ya saki ya koma ƙasa. Mutane da yawa sun wanke kafireta sau uku, sun sauya fulogi, sun zargi wayoyi, alhali cutar tana can baya.

Sauran alamun su ne filta da ke cika da jan gari bayan 'yan kwanaki, warin fetur da ba ya barin cikin but, danshi a jikin tanki duk lokacin da aka cika shi, da gejin mai da ya tsaya cak. Idan kuma za a yi walda a ƙasan but ko a shasi kusa da tanki, to babu wata shawara, sai ya fita tukuna.

Akwai wani dalili da ba a ganinsa daga ƙasa. Tanki ya fi ruɓewa ta sama da kuma ƙarƙashin maɗauri, inda laka da tsohuwar roba ke riƙe ruwa shekara da shekaru. Sai ka leƙa ka ga cikinsa sumul, ka sauke shi ka tarar da bayansa kamar rariya.

A ina ma tankin yake? Na leƙa ƙasa ban gan shi ba.

Masu ƙera motocin da ba su bi hanya ɗaya ba, kuma wurin da tankin yake shi ke faɗa maka ta inda zai fito.

A Volkswagen Beetle injin yana baya, tanki yana gaba ƙarƙashin murfi, ana kwance noti huɗu a ɗago shi sama. Na shekarun 1950 ma ba su da geji, sai wani ɗan famfo da direba ke juyawa idan mai ya ƙare ya shiga na ajiya. A Ford Mustang na 1965 zuwa 1970 saman tankin shi ne daɓen but ɗin kansa, don haka ta cikin but ake ciro shi, ba ta ƙasa ba. Mini, wadda ta fito a 1959, tankinta yana tsaye a gefen hagu na but, batir kuma yana cikin but ɗin nan tare da shi, abin da ke buƙatar kula ta musamman. Mercedes W123 ta ɓoye nata a bayan kujerar baya, saman tayoyi, sai an cire allon da ke cikin but ake ganinsa. Gajeruwar Land Rover Series tana da shi ƙarƙashin kujerar gaba. A-kori-kura na Chevrolet har zuwa 1972 tankinsu yana cikin ɗakin direba, bayan kujera. Jaguar XJ6 ta 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1980 biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe na baya. Ford Model A kuwa, ta 1928 zuwa 1931, tankinta yana gaban direba, sama da injin, mai yana gangarowa da kansa ba tare da famfo ba.

Sauran motoci masu yawa, musamman manyan na Amurka, suna rataye shi ƙarƙashin but da maɗauran ƙarfe biyu. Irin wannan ne ake "saukewa" a zahiri, kuma shi ne ya fi wuya, domin kana kwance a ƙasansa. Nemi littafin gyaran ainihin motarka da shekararta, saboda ko a mota iri ɗaya wurin bututu yakan sauya daga shekara zuwa shekara.

Na zuƙe man duka. Ai yanzu babu sauran haɗari ko?

Yanzu ne haɗarin ya fi tsanani, kuma idan abu ɗaya za ka riƙe daga wannan shafi, to wannan ne.

Ruwan fetur ba shi ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Tururin kuma ba ya kamawa sai ya gauraya da iska a wani gwargwado, wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A tanki mai cike, ɗan sararin da ya rage a sama tururi ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Da zarar ka zuƙe man, iska ta shiga ta maye gurbinsa, sai gaurayen ya sauko daidai inda yake fashewa. A tanki mai cin lita 50, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na fetur ya isa ya cika shi da irin wannan gauraye. Wannan ɗan kuwa ko yaushe yana nan: a lungun ɗinki, a bayan shingayen da ke ciki, a cikin guggubin da ya kwanta a ƙasa, har a cikin ɓawon tsatsa da ya sha mai ya ƙoshi.

Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, don haka sanyin gari ba kariya ba ne. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙi. Bin ƙasa yake kamar ruwa, ya gangara rami, ya shiga magudana, ya tafi nesa har ya iske wuta, wutar kuma ta biyo sawunsa ta dawo inda ya fito.

Kada tsawon lokaci ya ruɗe ka. Tankin da ya shekara biyar a bushe, idan rana ta dake shi ko aka kai masa zafi, danƙon da ke ciki zai sake sakin tururi. Muddin hancinka na jin ƙanshi ko wari, ɗauke shi kamar jiya aka zuƙe shi. Idan ma ba ka ji ba, hanci ba ma'auni ba ne, yana sabawa da wari cikin 'yan mintoci.

Dizal ya fi sauƙi a nan, domin sai ya haura digiri 50 na zafi kafin tururinsa ya kama. Duk da haka walda ko injin yanka ƙarfe suna kai shi can nan da nan.

A ina ya kamata in yi aikin?

A fili, inda iska ke kaɗawa, a kan daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe. Idan dole sai a gareji, a buɗe ƙofofi duka. Kada ka yi shi a kan ramin gyaran mota. Ramin yana da daɗin aiki, amma nan ne tururin zai taru, kai kuma kana tsaye a cikinsa har wuya.

Zagaya wurin da idonka kafin ka taɓa komai. Janareto, firiji, injin dumama ruwa, cajar batir, fanka mai tsohuwar waya, mai shan taba da ke wucewa, duk a nesanta su. Tsohuwar fitilar aiki mai ƙwan gilashi ta tayar da gobara da yawa: mai ya ɗiga a kan ƙwai mai zafi ya fashe, ko fitilar ta suɓuce ta faɗi. Yi amfani da fitilar LED mai batir, ka kunna ta a nesa kafin ka matso. Kada ka kuskura ka zuƙe datti ko tsatsar tanki da injin zuƙe ƙura, domin yana jan tururin ne kai tsaye ta cikin motarsa mai tartsatsi.

Ajiye abin kashe gobara mai hoda ko mai kumfa a inda hannu zai kai, tsakaninka da hanyar fita. Ruwa ba ya kashe fetur, shimfiɗa shi yake. Kuma a samu mutum na biyu a wurin, ko da ba zai riƙe sifana ba.

Wace wayar batir zan fara cirewa?

Wadda ke haɗe da jikin mota. A yawancin motoci ita ce mai alamar −, amma kada ka ɗauka haka ne a kowace motar dauri. Motocin Ingila da yawa har tsakiyar shekarun 1960, da motocin Ford na Amurka har 1955, mai alamar + ce ke haɗe da jiki. Bi wayar da ido ka ga inda ta ƙare. Dalilin shi ne idan ka fara da ɗayar, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi. Ka cire batir kafin ka buɗe ko da murfin tanki, lokacin da babu tururi a wurin. Idan batir yana kusa da tanki, kamar a Mini, fitar da shi gaba ɗaya ka kai shi nesa.

Yaya zan fitar da man da ke ciki?

Fitar da shi wajibi ne, ko don nauyi. Litar fetur tana kai wajen giram 750, wato lita 50 ta kusa kilo 38, ban da nauyin tankin. Ba nauyin kaɗai ba: da tanki ya karkata, man zai kwararo gefe ɗaya ya fizge shi daga hannunka.

Hanya mafi kyau ita ce famfon hannu da aka yi domin fetur, a zura tiyo ta wuyan tanki. Tsofaffin motoci ba su da abin da ke tare tiyo a wuya kamar na zamani, don haka yakan shiga har ƙasa. Kada ka sa famfon ruwa mai lantarki ko wanda ake juyawa da injin huda. Kada kuma ka ja da baki. Ɗan fetur da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana haddasa kumburi mai tsanani, wani lokaci sai bayan awoyi yake bayyana. Ga kuma dalma: an daɗe ana zuba ta a fetur, sai a 2021 aka daina sayar da irinsa ga motoci a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Guggubin tsohon tanki na iya ɗauke da ita, don haka sa safar hannu wadda fetur ba ya ci, da tabarau.

Wasu tankuna suna da notin tsiyaya a ƙasa. Ina shakkarsa a motar da ta daɗe. Idan tsatsa ta ci kewayensa, kana murɗawa zai taho da gindinsa, sai ka ga lita talatin na zubo maka ba ka da abin toshewa. Fara zuƙewa ta sama, ka bar notin ya fitar da ɗan abin da ya rage.

Jarka ta zama wadda aka yi domin fetur, a ajiye ta a ƙasa, bakin tiyo yana taɓa gindinta don kada man ya riƙa fantsama. Gudun mai a cikin tiyo yana tara lantarki irin wanda kan ɗana mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Idan jarkar ta ƙarfe ce, haɗa ta da jikin mota da guntuwar waya kafin ka fara. Kowace ta cika, rufe ta ka kai ta nesa.

Motata ba ta da kafireta, injekta ce. Akwai bambanci?

Akwai. Famfon kafireta yana tura mai da ƙarfin psi (ma'aunin matsi) 3 zuwa 6 ne kawai. Tsarin injekta na K-Jetronic na kamfanin Bosch, wanda ya fito a 1973 kuma yake cikin motocin Jamus da Suwidin da yawa na wancan zamani, yana aiki da wajen psi 70, yana kuma riƙe matsi bayan an kashe injin. Kafin ka cire batir, zare fis ɗin famfon mai, ka tayar da injin ka bar shi ya mutu da kansa. Bayan haka ka naɗe mahaɗar da tsumma, ka sassauta ta a hankali. Irin waɗannan motoci suna da bututu biyu, na zuwa da na dawowa, kada ka rikita su.

To, yaya saukewar take?

Kwana biyu ko uku kafin ranar, fesa man sassauta tsatsa a kan kowane noti, ka maimaita safe da yamma. Wannan ɗan haƙurin ya fi kowane kayan aiki amfani.

Ran aiki, sa weji a tayoyin gaba, ɗaga bayan motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota a wurare masu ƙarfi na shasi. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma bulo yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. A tsohuwar mota duba wurin da za ka tokare da kyau, don wani lokaci fenti ne kawai ke rufe da ruɓa. Girgiza motar da hannu kafin ka shiga ƙasanta.

Ɗauki hoton komai da wayarka tun kafin ka buɗe mai, ka manna wa kowane tiyo da waya alama. Sai ka cire wayar geji, tiyon da ya haɗa wuyan zuba mai da tanki, bututun numfashi, sannan bututun da ke kai mai injin. Toshe kowane baki da ka buɗe. Tsohon tiyon roba da ya manne kada ka yi kokawa da shi, yanka shi da wuƙa, tunda dai sabo za ka sa. Na taɓa murɗa irin wannan tiyo da filaya, sai ɗan bututun ƙarfen da ke jikin tankin ya tsage daga gindi, domin da dalma aka liƙa shi tun daga masana'anta. Tiyon da bai kai komai ba ya jawo gyaran mako guda. Inda mahaɗar ta ƙarfe ce, yi amfani da sifanar bututu mai rungumar noti ta kusan kowane gefe, ka riƙe ɗaya ɓangaren da sifana ta biyu.

Tara jak a ƙarƙashin tankin da faffaɗan katako a tsakani, don kada ya lotsa shi. Sassauta maɗauri biyun kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Sauke shi kamar faɗin tafin hannu, ka tsaya, ka leƙa samansa da fitila. Kusan kullum akwai wata waya ko siririn tiyo da ba a gani sai a wannan lokaci. A wasu motocin sai an kawar da salansa ko an karkata tankin kafin wuyansa ya kuɓuta. Idan ya ƙi sauka, wani abu ne ke riƙe da shi. Nemo shi, kada ka ja da ƙarfi.

Wanda ake cirowa ta cikin but, kamar na Mustang, yakan manne da tsohon danƙon da aka shafa a bakinsa. Bi gefen da abin kankara na roba ko katako har ya saki.

Notin maɗauri ya ƙi motsi. In gasa shi da wuta?

A'a. Gasa noti dabara ce mai kyau a ko'ina a jikin mota, ban da nan. Haka ma injin yanka ƙarfe. Ƙara mai, ka goge zaren notin da burushi, ka ɗan ɗaure shi kafin ka kwance, ka riƙa kai da komo. Idan ya ƙi, akwai abin fasa noti da ake murɗawa da hannu, ko ka yanka maɗaurin da almakashin ƙarfe. Maɗauri da notinsa ana samun sababbi, ko a ƙera su cikin sauƙi. Ka tabbata jak na riƙe da tankin kafin ka yanka.

Yaya zan cire abin auna mai da ke jikin tankin?

Wani da ƙananan sukurori biyar ko shida aka ɗaure shi, wani da zobe mai kunnuwa da ake juyawa. Zoben ana bugunsa ne a hankali da sandar tagulla ko katako mai tauri. Ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi, a daidai bakin da tururi ke fita. Zaro shi da lallami, don hannun da ke ɗauke da abin da ke iyo a kan mai siriri ne, idan ya lanƙwashe geji zai riƙa yi maka ƙarya.

Girgiza abin iyon kusa da kunne. Idan na tagulla ne kuma ka ji ruwa a ciki, ya huje, shi ya sa allura ke kwance a ƙasa. Gwada na'urar da mitar auna lantarki kana ɗaga hannun a hankali. Lambar ta riƙa sauyawa ba tare da tsalle ba. In za ka sayi sabuwa, sai ta dace da gejin motarka. Motocin General Motors kafin 1965 suna aiki da om (ma'aunin juriyar lantarki) 0 zuwa 30, daga baya 0 zuwa 90, tsofaffin Ford kuwa 73 zuwa 10, wato a juye. Sau da yawa ma na'urar lafiyarta ƙalau, tsatsa ce ta raba tankin da jikin mota, lantarki ya rasa hanyar komawa. Guntuwar waya daga na'urar zuwa shasi takan warware wannan.

Na sauke shi. In wanke ko in sayi sabo?

Leƙa ciki da fitilar LED tukuna. Yawancin tsofaffin tankuna ƙarfe ne da aka shafe da dalma gauraye da kuza. Idan ka ga wannan shafen mai ruwan toka yana nan, sai danƙo da tsatsa jefi-jefi, wanki ya isa. Idan ƙarfen yana lotsawa da ɗan yatsa, ko ƙananan huji sun yi yawa, ko ka girgiza ka ji shingen ciki ya ɓalle yana ƙara, to ya gama aikinsa. Motoci irin su Beetle, Mini da Mustang ana ƙera musu sababbin tankuna har yau, kuma a nan ban ga dalilin wahala da ruɓaɓɓe ba. Motar da ba a samun kayanta kuwa, tankinta na asali dukiya ce, ko ya lalace kada ka yar, da shi za a auna a ƙera wani.

Wanki mataki-mataki ne, kuma tsallake ɗaya yana ɓata sauran. Da farko ruwan zafi da sabulun cire maiƙo, sau da yawa, har danƙon ya fita, domin asid ba ya ratsa danƙo. Sannan a zuba guntuwar sarƙa ko notuna tare da ruwa a girgiza, ɓawo ya saki. Ƙirga notunan kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka juye. Sarƙa ta fi sauƙin fitowa daga bayan shinge. Bayan haka asid mai sauƙi irin na fosforik, wanda ke cin tsatsa ya bar wani siririn shafe mai kare ƙarfe. Asid mai ƙarfi na haidurokulorik yana da sauri, amma yana cin lafiyayyen ƙarfe da liƙin dalma, tsatsa kuma takan dawo nan take. A ɗauraye, a busar sarai.

Game da ruwan da ake zubawa ya shafe cikin tanki ya daskare, ra'ayina a rabe yake. Idan an shirya ƙarfen da kyau kuma ya bushe ƙurmus, yana daɗewa. Idan akwai sauran danshi ko maiƙo, wata rana zai saɓule kamar fata ya toshe bututu, cire shi kuma ya fi cire tsatsa wuya. In ka yi amfani da shi, hura iska ta bututun mai da na numfashi kafin ya daskare.

Gwajin yoyo da iska kaɗan ake yi, psi 2 ko 3, a shafa ruwan sabulu a ɗinki a nemi kumfa. Tanki ba tukunyar gas ba ne, iska mai ƙarfi tana kumbura shi ta ɓalle shingayensa.

Huji ɗaya ne ƙarami. Ba zan iya yi masa walda da kaina ba?

Ina roƙonka kada ka yi. Ɗauraya da ruwa ba ta fitar da man da ya shige cikin ɗinki, zafin walda kuwa yana fito da shi. Wasu suna zura tiyo daga salansar wata mota wai hayaƙin ya kori iska. Hayaƙin yana iya ɗauke da man da bai ƙone ba da sauran iska, ba ka da yadda za ka auna, kuma wanda ya yi sau goma ya tsira bai tabbatar da komai ba game da na sha ɗaya. Masu wannan sana'a suna dafa tankin ko su wanke shi da tururin ruwa na tsawon lokaci, su auna da na'urar gano gas, sannan su cika shi da iskar da ba ta cin wuta, kamar argon ko naitirojin, tana gudana har a gama. Masu gyaran lagireto na gargajiya sukan iya liƙin dalma da ƙarfen da aka gasa a nesa, ba tare da harshen wuta ya kusanci tankin ba. Kai musu. Danƙon liƙi da ake shafawa ta waje zai iya kai ka gida, amma ba gyara ba ne.

Me ya kamata in sauya tun da tankin yana ƙasa?

Duk wata roba: tiyon mai, tiyon wuya, na numfashi, gasket ɗin na'urar geji, da shimfiɗar da ke tsakanin maɗauri da tanki. Shimfiɗar ta zama roba wadda ba ta shan ruwa. Sa sabuwar ragar tace mai a bakin bututun ciki, da sabuwar filta. Hura bututun ƙarfe da ya tafi gaba, bayan ka cire shi daga famfo, don kada dattin da ke cikinsa ya koma tanki mai tsabta ko ya wuce kafireta. Wannan kuma ita ce damarka ta kankare ƙasan but ka yi masa fenti, wurin da ba a ganinsa sai bayan shekaru.

Kula da irin tiyon da za ka saya. A ƙasashe da yawa fetur yanzu yana ɗauke da itanol. Amurka ta daɗe da E10, mai kashi 10 cikin 100, Birtaniya ta koma kansa a Satumban 2021. Itanol yana busar da tsohuwar roba ta tsattsage, yana kuma jan danshi daga iska, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya fara cin ƙarfe. Nemi tiyo mai rubutun SAE J30 R9 a jikinsa. Wanda zai zauna cikin mai tsundum, a cikin tanki, R10 ake sa masa.

Bayan na mayar, mota na mutuwa, idan na buɗe murfi sai in ji iska ta shiga fuu. Me ya faru?

Tankin ba ya numfashi. Duk litar da famfo ya ja, dole iska ta shiga ta cike gurbinta, in ba haka ba famfo zai gaza, wani lokaci ma tankin ya lotse ciki. Tsofaffin motoci ta ɗan huji a murfi suke shaƙa, ko ta wani siririn bututu. Daga 1970 a Kalifoniya, 1971 a sauran Amurka, aka koma murfi mai rufewa ruf, tururin yana bi ta bututu zuwa gwangwanin gawayi mai tsotse shi. Idan ka sa wa tsohon tsari sabon murfi marar huji, ko tiyon numfashi ya lanƙwashe lokacin da kake ɗaga tanki, ko ruwan shafen ciki ya toshe shi, abin da ka gani ke nan. Ƙwari ma kan gina gida a bakin bututun idan mota ta daɗe a ajiye.

Yaya zan yi zubin farko?

Ɗaure maɗauri har tankin ya daina motsi, kada ka matse har ya lotsa. Zuba lita biyar kawai, ka jira, ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Mayar da batir, wayar jikin mota a ƙarshe. Tayar da injin ka sake dubawa. Ka riƙa ƙara man kaɗan-kaɗan kana kallon allura, nan za ka san ko geji na faɗin gaskiya. Cikawa har wuya ita ce jarrabawar ƙarshe, domin yoyon gasket ɗin sama da na tiyon wuya ba sa bayyana sai mai ya kai gare su. Daren farko motar ta kwana a waje, da kwali a ƙarƙashinta.

Tsohon man da tsohon tankin fa?

Man da ya yi duhu yana warin tsohon fenti kada ya koma cikin injin, danƙonsa yana manne bawul. Kada a zuba shi a ƙasa ko a magudana, kada kuma a hura wuta da shi. A kai shi inda hukuma ta tanada don karɓar sharar mai, a cikin jarka mai rubutu a jiki. Tsummokaran da suka jiƙe a shanya su a fili, nesa da gini, har su bushe. Tankin da za a ajiye kuwa a cire masa murfi da na'urar geji, a wanke shi, a kife shi a inuwa inda iska ke wucewa kuma yara ba sa zuwa. Idan za ka ba masu sayen tsohon ƙarfe, faɗa musu da bakinka cewa tankin fetur ne, ka kuma rubuta a jikinsa da fenti, domin mai yanka shi wataƙila ba wanda ka yi magana da shi ba ne.